Daga Ƙofar Mata Zuwa Maiduguri: Wa Ke Da Ƙungiyoyin Ƙwallon Arewa?

Daga tsakiyar shekarar 2003 har zuwa watan Agustan 2015, babu ƙungiyar da ta zo Kano ta ci Kano Pillars a wasan gasar ƙasa. Shekara 12 ke nan, wasa sama da 200. Enyimba ta zo, Rangers ta zo, Shooting Stars ta zo, in baƙo ya yi sa'a ya tafi da maki ɗaya. Sai Nasarawa United ta Lafiya ce ta karya wannan lago da ci 2 da 1, aka watse daga filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ba mai yi wa wani magana. Wanda bai san Kano ba zai ɗauka ƙwarewar 'yan wasa ce kawai ta jawo wannan tarihi. Akwai ƙwarewar, ba musu. Amma duk ɗan wasan da ya taɓa shiga filin nan na Ƙofar Mata a matsayin baƙo zai gaya maka cewa ba da mutum 11 ya kara ba. Tun kafin la'asar kujeru sun cika da riguna masu launin ɗorawa da kore, makaɗa sun ɗaura, kuma da an taɓa leda sai ka ji gari guda ya ɗauka: "Sai Masu Gida!"

Abin mamakin shi ne, wannan ƙungiya da Kanawa ke mutuwar so ba ta da tsufan da mutum zai zata. A 1990 aka kafa ta, shekarar da Najeriya ta fara gasar ƙwararru. Ba kuma a dandalin wata unguwa aka haife ta ba. Ƙungiyoyi uku aka narkar wuri guda: ta ma'aikatar ruwa da gine-gine ta jiha wadda aka sani da WRECA, da Kano Golden Stars, da ta Bankin Arewa. Biyu daga cikin ukun na ma'aikatu ne. Gwamnatin jiha ce ke riƙe da ita har gobe: ita ke biyan albashi, ita ke naɗa shugabanni, ita ke sauke su. Mutumin da ya rufe shagonsa a Kantin Kwari ya tafi kallo, ya dawo da dasasshiyar murya, ba shi da ta cewa ko da a kan sayen mai tsaron raga.

Haka lamarin yake kusan ko'ina a Arewa. Soyayyar ta mutanen gari ce, lalitar ta gwamnati. Kafin a kai ga haka an bi hanya mai tsawo.

Zamanin gari da attajirai

Tun kafin 'yancin kai, gasar da ta fi kowacce daraja ita ce Kofin Gwamna, wanda daga baya ya zama Kofin Ƙalubale. A lokacin garuruwa ne ke tara zaratansu su fita da sunan gari. A haka Kano ta ɗauki kofin a 1953, bayan ta doke Dynamos ta Legas a wasan ƙarshe, abin da ya girgiza mutanen bakin teku da suka ɗauki tamaula tasu ce su kaɗai.

Sai dai in ana maganar inda ƙwallo ta fara kafuwa sosai a Arewa, Jos za a fara ambata. Haƙar kuza ta tara Turawa da ma'aikata daga kowace kusurwa ta ƙasar nan, ga makarantun mishan, ga sanyin da ke barin yaro ya wuni yana guje-guje. Hausawa, Birom, Ibo, Yarbawa, Urhobo, duk a fili ɗaya suka tashi. Daga cikin wannan cakuɗa Mighty Jets ta fito, da kuɗin attajiri Alhaji Isiyaku Ibrahim, ta kuma lashe gasar ƙasa ta farko da aka fara a 1972. Tsofaffin Jos har yau in suka ambaci Sam Garba Okoye sai sun gyara zama. A nan Isma'ila Mabo ya yi wasa, wanda daga baya ya horar da ƙungiyar mata ta ƙasa, haka ma 'yan gidan Atuegbu. Abin da ya gagari Jets shi ne Kofin Ƙalubale. A 1972 ɗin ta kai wasan ƙarshe da Bendel Insurance, aka tashi 2 da 2 a Legas, aka sake wasan a Ibadan ta sha kashi. Jos ta yi ta zuwa wasan ƙarshe tana dawowa hannu rabbana, har mutane suka fara cewa baki aka yi wa garin. Sai a 1999 Plateau United ta kawo kofin gida.

Kano ma ta yi nata zamanin kafin Pillars. Raccah Rovers ce ta lashe gasar ƙasa a 1978, kuma a shekarar ce ta kara da Fluminense ta Brazil a Kaduna, wasan da Pele da kansa ya sanya rigar baƙin ya shiga fili. Yau in ka tambayi saurayi ɗan shekara 20 a Kano labarin Raccah, da wuya ya ba ka amsa. Ƙungiyar da ta dogara da aljihun mutum ɗaya ko 'yan tsiraru, ranar da aljihun ya gaji ita ma ta gaji.

Masaƙu, siminti da kamfanin makamai

Kaduna gari ne na ma'aikata, don haka ƙungiyoyinta daga ma'aikatu suka fito. Masaƙun Kakuri sun riƙe ƙungiyoyi, har masaƙar UNTL ta yi suna da tata. Kamfanin ƙera makamai na soja yana da DIC Bees, wadda Alhaji Muktar Aruwa ya karɓa ta koma Ranchers Bees. Wannan ƙungiya ta kai wasan ƙarshe na kofin zakarun kofuna na Afirka a 1988, inda Bizerte ta Tunisiya ta doke ta, shekara ɗaya bayan nan kuma ta ɗauki kofin Afirka ta Yamma. A cikinta Daniel Amokachi ya fito yana ɗan yaro kafin Beljiyam ta ɗauke shi. Garin da ya haifi Amokachi shi ya haifi Tijjani Babangida da Garba Lawal da Celestine Babayaro, dukansu huɗun suna cikin tawagar da ta ciyo wa Najeriya zinare a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996. Mutum huɗu daga gari ɗaya a tawaga ɗaya ba dace ba ne. Akwai filaye, akwai gasannin makarantu, akwai ƙungiyoyin da yaro zai hanga ya ce can zan je.

Tsarin ƙungiyar kamfani yana da wani alheri da ba a cika faɗa ba. Ɗan wasa ma'aikaci ne, sunansa na cikin takardar albashi, in ƙafa ta gaji akwai kujerar da zai koma a ofis ko a ɗakin injin. 'Yan kallo kuwa abokan aikinsa ne da maƙwabtansa. A Gboko ta jihar Binuwai, kamfanin siminti ya riƙe BCC Lions har ta ɗauki kofin zakarun kofuna na Afirka a 1990 a hannun Shu'aibu Amodu, bayan ta doke Club Africain ta Tunisiya. Ƙaramin gari, amma nahiya ta san shi.

Tsarin tsuke bakin aljihu da aka shigo da shi a 1986 ne ya fara kassara wannan gini. Naira ta faɗi, kamfanoni suka fara neman abin da za su rage, ƙwallo kuwa ita ce ta farko a layi. Masaƙun Kaduna suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya. Bankin Arewa kansa ya narke cikin Unity Bank lokacin haɗe bankuna. Da ma'aikatun suka tafi, ƙungiyoyin suka bi su, ko suka koma ƙananan rukunai inda ba mai jin ɗuriyarsu.

Kowace jiha da tata

Gurbin da kamfanoni suka bari gwamnatocin jihohi ne suka cike, a daidai lokacin da sojoji ke ta yanka sababbin jihohi: Katsina a 1987, Jigawa da Yobe da Kebbi da Adamawa a 1991, Gombe da Zamfara da Nasarawa a 1996. Sabuwar jiha na bukatar sakatariya da gidan rediyo da ƙungiyar ƙwallo, don a san ita ma ta iso. Shi ya sa sunayen suka zo kusan iri ɗaya: Katsina United, Gombe United, Zamfara United, Adamawa United, Nasarawa United, Sokoto United. 'Yan kaɗan ne suka nemo suna daga ƙasarsu. Wikki Tourists ta Bauchi ta ɗauko nata daga maɓuɓɓugar ruwan ɗumi ta Wikki da ke dajin Yankari, El-Kanemi Warriors kuma daga gidan Shehun Borno.

Kada a raina abin da waɗannan ƙungiyoyi suka yi. A shekarun 1990 Kofin Ƙalubale ya kusa zama na Arewa. El-Kanemi ta ɗauka a 1991, kuma Pillars ta doke a wasan ƙarshe, ta sake ɗauka a 1992. Katsina United ta je wasan ƙarshe sau uku a jere, 1995 da 1996 da 1997, ba ta ci ko ɗaya ba, ciwon da Katsinawa masu shekaru ba su manta ba. Wikki ta ɗauka a 1998, Plateau United a 1999, Niger Tornadoes ta Minna a 2000, Kaduna United kuma a 2010. Da ba don kuɗin gwamnati ba, da yawancin garuruwan nan ba su taɓa ganin wasan gasar ƙasa da idonsu ba. Gasar firimiyar Najeriya ƙungiya 20 ce, wasa 38 a kaka, rabinsu a waje. Daga Maiduguri zuwa Legas ya haura kilomita 1,500, kuma a mota ake yawan yin tafiyar. Kuɗin ƙofa ba zai sayi man wannan zirga-zirga ba, balle masauki da albashi.

Hanyar kanta wani abokin gaba ce. A watan Maris na 2015 'yan fashi suka buɗe wa motar Pillars wuta a kan hanyar Abuja zuwa Lokoja, tana tafiya Owerri, suka jikkata 'yan wasa biyar, har da Gambo Muhammad. A 2021 motar Wikki Tourists ta kama da wuta a Hawan Kibo, 'yan wasa suka tsira da rayukansu, kaya suka ƙone.

Amma kuɗin gwamnati yana da nasa farashi. Shugaban ƙungiya naɗin siyasa ne, kuma idonsa na kan gidan gwamnati, ba kan 'yan kallo ba. In gwamna mai son ƙwallo ne, a ga sababbin motoci da kyautar filaye. In wanda ya gaje shi ba ruwansa, 'yan wasa su yi watanni suna bin albashi da kuɗin sa hannu, wani lokaci har su yi zaman dirshan a bakin ofis. Ba wanda ke tilasta wa ƙungiya ta sayar da riga, ko ta yi rajistar magoya baya, ko ta riƙe makarantar yara da gaske, tunda ko ta yi ko ba ta yi ba kasafin kuɗi zai zo. Abin da ake bukata a nuna wa mai girma gwamna shi ne maki, a same shi ta kowace hanya. Daga nan al'adar "dole a ci a gida" ta samo asali, wadda ta sa alƙalin wasa ke shiga wasu filayen da faɗuwar gaba. A Bauchi ne a 2013, a wasannin neman hawa na ƙananan ƙungiyoyi, aka tashi wasa biyu da ci 79 da nema da kuma 67 da nema, abin da ya mai da ƙasar abin dariya a duniya.

A ƙetaren iyaka, a Nijar, hannun hukuma ya ma fi fitowa fili: manyan ƙungiyoyin Yamai da dama na soja ne da jandarma da 'yan sanda da kwastan, yayin da irin su Dan Kassawa da Jangorzo na Maraɗi da Espoir ta Damagaram ke ɗauke da sunan gari ba tare da irin wannan gata ba.

Inda saiwar take

To, in gwamnati ce ke da kowace ƙungiya, me ya sa filin Kano ke cika, na wasu jihohin kuwa ko an buɗe ƙofa kyauta sai ka ƙirga mutanen da ke ciki? Amsar tana filayen ƙasa na unguwanni. Duk wanda ya zaga Kano da yamma ya san kusan babu makarantar firamare ko fegin da ba a kafa sanduna biyu a kowane gefe ba. Kowace unguwa da kulob ɗinta, da kocinta wanda galibi ba a biyansa ko sisi, da wani ɗan kasuwa da ke sayen riguna da lemo. Akwai gasannin rukuni-rukuni na jiha, akwai kofunan da 'yan siyasa da masu hali ke sakawa, akwai Kofin Ramat na matasa da ake yi a Kano don tunawa da Janar Murtala. Yaron da ya yi fice a nan, unguwarsu gaba ɗaya ta san shi. Ranar da ya sanya rigar Pillars, ba baƙo aka je kallo ba, ɗan gidan wane ne.

Rabi'u Ali, wanda ake kira Pele, shi ne babban misali. Ɗan Kano ne, ya ƙi yin nisa da gida, ya haura shekara 40 a duniya yana ɗaure da kambin kyaftin yana buga bugun tazara. Yara da yawa da suka fara zuwa fili a kafaɗar iyayensu sun girma sun yi aure yana nan. A ƙasar da ɗan wasa ke sauya ƙungiya kusan kowace kaka, irin wannan zama shi ke ɗaure zuciyar ɗan kallo da riga.

Ba kuma maganar jini ba ce. Ahmed Musa a Jos aka haife shi, amma a Kano ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010, ya zama wanda ya fi kowa zura ƙwallo a gasar, daga nan ya wuce VVV-Venlo ta Holan. Shehu Abdullahi daga Sakkwato ya zo. Theophilus Afelokhai ya daɗe yana tsaron ragar Pillars. Kadiri Ikhana ne ya ciyo mata gasar farko a 2008, Okey Emordi ya ciyo ta huɗu a 2014, a tsakani kuma Baba Ganaru, mutumin Borno, ya ɗauki ta 2012 da ta 2013. Lokacin da Chinedu Udoji, tsohon kyaftin ɗin Enyimba da ya koma Pillars, ya rasu a haɗarin mota a Kano a watan Fabrairun 2018, jimamin da aka yi a garin bai tambayi daga ina ya fito ba. Abin da Bakano ke nema a wurin ɗan wasa shi ne ya ga gumi.

Shekarar 2009 ce ƙololuwa. Pillars ta fitar da Al Ahly ta Masar, mai riƙe da kofin, daga gasar zakarun Afirka, bayan kunnen doki a Kano da wani a Alƙahira, ta kai har wasan kusa da na ƙarshe kafin Heartland ta Owerri ta tsayar da ita. Kofin Ƙalubale kuwa sai a 2019 ya shigo hannunta, a Kaduna, bayan ta doke Niger Tornadoes a bugun fanareti, shekara 66 bayan na 1953.

Maiduguri ta nuna wani ɓangaren na wannan dangantaka. Da rikicin Boko Haram ya tsananta, sai da El-Kanemi ta yi gudun hijira kamar sauran mutanen Borno, tana karɓar baƙi a Kano, daga baya a Katsina. Wasan gida ne a takarda, amma ba kowa a kujeru. Da aka ba ta izinin komawa gida a 2016, mutane suka yi tururuwa zuwa fili a garin da aka daɗe ana tsoron taro. Ga mutumin Maiduguri, ganin motar baƙi daga Kudu ta shigo gari ta kwana ta buga wasa ta koma lafiya, labari ne da ya fi sakamakon wasan. A 2024 ƙungiyar ta sake ɗaukar Kofin Ƙalubale a Legas, tana rukuni na biyu a lokacin, bayan ta ci Abia Warriors 2 da nema.

Soyayyar nan tana da mummunar fuska, kuma Kano ta ɗanɗana. A 2020 aka mai da filin Sani Abacha wurin killace masu korona, Pillars ta koma Kaduna da wasanninta. Da ta dawo gida a 2022, wasa da Katsina United ya ƙare da tarzoma, aka farfasa motar baƙi. Hukumar gasa ta cire mata maki, ta ci ta tara, ta kore ta zuwa Abuja. A ƙarshen kakar ƙungiyar da ta ɗauki gasa sau huɗu ta faɗa rukunin 'yan dagaji, ita da Katsina United ɗin tare. Sun dawo tare a 2023. A ganina, masu cewa wannan aikin 'yan daba ne kawai sun taƙaita. Mutumin da aka koya masa cewa gida ba a faɗuwa, ba a kuma ba shi wata ƙofa da zai kai kukansa in shugabanni sun yi ba daidai ba, ba ƙuri'a, ba taron shekara, ba bayanin yadda aka kashe kuɗi, abin da ya rage a hannunsa shi ne ihu da dutse. Wannan ba uzuri ba ne ga wanda ya jefi alƙali. Amma rufe fili na wata uku bai taɓa magance abin ba.

Akwai kuma kishiya, wadda ta fi kowace ƙarfi: gidan kallo. Da kuɗi kaɗan saurayi zai zauna a benci ƙarƙashin rumfar kwano ya kalli Arsenal ko Real Madrid a hoto tar, ya fito a yi ta musu a teburin mai shayi har dare. Yaron Gusau ko Dutse zai lissafo maka 'yan benci na Chelsea, amma bai san wa ke tsaron ragar ƙungiyar jiharsu ba. Makarantun horar da yara masu zaman kansu da suka yawaita a Kaduna da Jos da Kano da Abuja su ma idonsu na waje: a reni yaro, a kai shi gwaji Turai, ba tare da ya taɓa buga wa ƙungiyar garinsu ko wasa ɗaya ba. Ba laifinsu ba ne, can kuɗin yake. Sai dai duk yaron da ya tafi ta wannan hanya, an rasa dalili ɗaya da zai kai unguwarsu filin wasa.

A Kudu an fara ganin wani salo. Remo Stars ta Ikenne, mallakar ɗan kasuwa Kunle Soname, da filinta da makarantarta, ta lashe gasar 2025. A Arewa ma masu zaman kansu sun fara leƙowa: Doma United ta Gombe ta ɗanɗana gasar firimiya, Barau FC ta Sanata Barau Jibrin kuma ta hau a 2025, shekara guda kacal da kafa ta, Kano ta zama tana da ƙungiya biyu a babban rukuni. Ko wannan sabon tsari ne, ko kuwa zamanin Jets da Raccah ne ya dawo da sabuwar riga, ya danganta da ko za su gina abin da zai rayu bayan mai shi ya gaji ko ya bar kujera.

Ita kuwa Pillars, Ahmed Musa ya dawo mata a 2021, ya sake dawowa a 2024, kuma a 2025 aka ba shi muƙamin babban manaja alhali bai rataye takalmi ba. Ya ga yadda ake tafiyar da kulob a Holan da Rasha da Ingila da Saudiyya da Turkiyya, kuma da wuya a sami wanda 'yan kallon Ƙofar Mata za su saurara kamar shi. Takardar naɗin nasa dai daga gwamnatin jiha ta fito, kamar ta duk waɗanda suka riƙe ƙungiyar kafin shi.